Nauyin Sitiyari Iri Biyu Ne

A garejojin Keffi akan ji masu ƙananan jif suna kukan cewa sitiyari ya yi musu nauyi. To, nauyin nan iri biyu ne, kuma wajibi ne direba ya san bambancinsu.

Tun daga ƙirar 2006, Toyota RAV4 ta bar sitiyari mai famfo da mai, ta koma na lantarki. An ƙera shi ne ya yi sauƙi in ana tafiya a hankali, ya kuma ƙara nauyi in gudu ya ƙaru, domin kada ɗan motsin hannu ya kautar da mota. Saboda haka wanda ya ji nauyi yana sheƙa gudu a hanyar Akwanga, motarsa lafiya lau take.

Amma idan nauyin ya zo a cikin gari, wajen shan kwana ko ajiye mota, to akwai cuta. A fara da mai faci, a gwada iskar tayoyin gaba. Daga nan a duba batir da abin da ke caja shi, gama wuta in ta yi rauni sitiyarin lantarki yakan sandare. Mai tsohuwar ƙira kuwa ya duba mai da bel.

Wanda ya ce zai ƙara wa sitiyarin lantarki mai, kuɗi kawai yake nema. Wanda kuma ya ɗauki iyalinsa zuwa Abuja da sitiyari mai cuta, ya yi ganganci da rayukansu. Rigakafi dai ya fi magani.