Kafin ya sa hannu a takardar gwajin magani

Wata uwa daga Kebbe ta rubuto mini cewa ɗanta ya faɗa shan giya. Ta ji ana gwada magungunan raba mutum da ita, tana tambaya ko ta kai shi.

Baiwar Allah, magani akwai shi. Naltrexone yana rage kwaɗayin giya, Amurka ta amince da shi don wannan aiki tun 1994. Sai dai gwaji daban, jinya daban. A gwaji akan raba mutane gida biyu: wasu su sha maganin, wasu ƙwayar da ba komai cikinta, ba wanda ya san rabonsa.

Ba mu manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin Trovan a Kano da yara kusan 200 masu sanƙarau, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Don haka ki tambaya: NAFDAC ta amince? A karanta muku takardar da Hausa. Shi zai sa hannu, ba ke ba, kuma yana iya fita duk ranar da ya so.

Kada ki dama masa magani a fura a ɓoye. Disulfiram in ya haɗu da giya yana iya jefa shi cikin haɗari. Wanda kuma ya daɗe yana sha, in ya daina kwatsam, jijjiga na iya kama shi. Ku fara da babban asibitin Kebbe ko na Tambuwal, ku nemi a tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na Kware.

Allah ya shirya mana zuri'a.