Anini Ba Ado Ba Ne

Duk wanda ya zauna a Sabon Badun, ko Agege, ko Obalende a Ikko, ya san cewa da wuya a sami zuriyar da ba ta da ɗa ko ƙane a cikin soja. Saboda haka maganar yadda ake yi wa hafsoshi ƙarin girma ta shafe mu ƙwarai. Hafsan da aka liƙa wa anini yau, shi ne gobe zai ce wa 'ya'yanmu su kutsa daji ko su ja da baya.

Ra'ayinmu shi ne, girman hafsa kamar tukunya yake bisa duwatsun murhu uku: daɗewa a muƙami gwargwadon ƙa'ida, da gogewa a fagen fama, da ilmin aikin a makaranta. In aka zare ɗaya, tukunya ta kife.

Tarihin ƙasarmu ya isa shaida. A shekarar 1966 Yakubu Gowon yana Laftanar-kanar mai shekara 31 ya zama Shugaban Ƙasa, a 1967 kuma ya zama Manjo-janar. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya kumbura rundunar daga soja wajen 10,000 zuwa kusan 250,000, aka riƙa ɗora wa samari nauyin da ya fi ƙarfin shekarunsu. Ba ma musun jaruntakarsu. Amma a watan Oktoba na 1967, Runduna ta Biyu, wadda aka harhaɗa cikin gaggawa, ta yi ta ƙoƙarin ƙetare kogin Kwara daga Asaba zuwa Anacha cikin jiragen ruwa, aka yi hasarar rayuka masu yawa. Sai a watan Maris na 1968 aka ci garin, bayan an zagayo ta ƙasa. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Haka kuma ƙarin girman da aka yi wa manyan hafsoshi a watan Janairu na 1976 yana cikin abubuwan da suka haddasa gunaguni a bariki, kafin tawayen Dimka na ran 13 ga Fabrairu, wanda ya ci ran Janar Murtala Muhammad. Hafsan da aka tsallake shi ba tare da hujja ba, ba ya mantawa.

Ba rashin makarantu ne ciwonmu ba. An kafa Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna a 1964, da Kwalejin Hafsoshi ta Jaji a 1976, da Kwalejin Yaƙi ta Ƙasa a 1992, wadda aka mai da sunanta Kwalejin Tsaro a 2007. Ciwon shi ne yadda ake watsar da waɗanda aka kashe dukiyar jama'a aka horar. Al'adar soja ce, babba ba ya sara wa na baya da shi. Don haka duk sa'ad da aka ɗauko shugaban rundunar daga ƙasa, kamar yadda aka yi a 2021 da 2023, sai janar-janar da dama su tuɓe kaki su koma gida, alhali ƙasa na fama da Boko Haram da 'yan bindiga. Na baya kuwa sai a yi ta tura su sama don cike gurbi, ko sun nuna ko ba su nuna ba.

To, ga abin da muke kira a yi. Na ɗaya, kada a ɗaga hafsa sai ya cika shekarun da ƙa'ida ta yanka, ya kuma ci jarrabawar muƙamin. Na biyu, kowane hafsa ya ɗanɗana fagen fama. Bai kamata wani ya ƙare ƙuruciyarsa a dajin Sambisa ba, wani kuwa yana riƙe da jakar mai gida a hedkwata, sa'an nan na hedkwatar ya riga shi samun anini. Na uku, wanda aka jibge a daji a ba shi damar zuwa kwas a kan lokaci, kada hidimarsa ta zame masa laifi. Na huɗu, wakilanmu a Majalisar Tarayya, tun da sai da amincewarsu ake naɗa shugabannin rundunoni, su riƙa tambayar janar nawa kowane naɗi zai kora gida.

Mu kuma talakawa mu daina murna don kawai an ɗaga ɗan garinmu. Harsashi bai san ƙabila ba. Gara hafsa gwani daga ko'ina ya ja 'ya'yanmu, da a ba ɗan gida wanda bai san aikin ba.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.