Tallar Da Ba Ta Sallama

Yau dai ku yi mini haƙuri, ba ci gaban labari na kawo muku ba, wata magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in amayar da ita mu tattauna. Maganar kuwa ita ce ta talla, irin tallar nan da take faɗo wa mutum ba sallama, ko ta waya, ko ta lasifika, ko ta 'yar takardar da ake cusa masa a hannu a tasha. Mutane da yawa kukansu a kan kuɗin da ake cinye musu ne, wasu kuma barcin da ake hana su. Ni kuwa da yake marubuciya ce, da kalmomi nake neman abincina, abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda wannan talla take cinye mana kyawawan kalmomin Hausa ɗaya bayan ɗaya, har ta kai in ka ji su gabanka ne yake faɗuwa maimakon ka yi murna.

Bahaushe dai ba baƙon talla ba ne. Tun muna yara mun san yarinya mai tallar fura ko ƙosai, za ta tsaya a ƙofar gida ta yi sallama, in an ce ta kawo ta shiga, in an ce ba a saye ta wuce abinta. Haka ma a bakin ruwa nan Wara, in jirage suka sauke kwandunan bandar kifi, mai kaya zai yabi kayansa iya yabo, ya kuranta tarwaɗarsa kamar babu irinta daga nan har Yelwan Yawuri. To amma kifin yana gabanka, ka ɗaga, ka shinshina, ka taya, ya ce albarka, ka ƙara, ya ce ya sallama, sannan ya ɗora maka gyara. Kowace kalma a cikin waɗannan da nauyinta. Albarka tana nufin kuɗinka bai kai ba, amma sai aka gaya maka da addu'a don kada ranka ya ɓaci. Na sallama kuwa in ta fita daga bakinsa ta fita ke nan, ko da wani ya zo da ninkin kuɗinka. Dalili kuwa shi ne mai kayan yana da fuska, an san gidansu, kasuwa mai zuwa ma nan za a same shi.

Akwai kuma wani abu da ya sa mu mutanen wannan yanki ya kamata mu fi kowa kishin Hausar kasuwa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye gungu-gungu da garuruwa, aka sake wa dubban jama'a matsuguni, kasuwannin bakin tafkin nan, daga Yawuri zuwa Ngaski da Shanga, suka ƙara zama mahaɗar Gungawa da Kambari da Lopawa da Sarkawa da Fulani. Kowa da harshen gidansu, Hausa ce ta haɗa su. Yaron da ba Hausa ake yi a gidansu ba, kasuwa ce makarantarsa, abin da kunnensa ya ji a can shi zai ɗauka a matsayin Hausa.

To me yake ji yanzu? Mota ce za ta tsaya a tsakiyar kasuwa, an ɗaure mata lasifika biyu a ka, muryar da aka ɗauka tana ta maimaita kanta tun hantsi har la'asar. Kwalba ɗaya, wai tana maganin basir da shawara da taifot da olsa da ciwon sanyi da hawan jini, har da farin jini da buɗin kasuwa. In da nan aka tsaya da sauƙi. Sai kuma a shiga abin da ke tsakanin miji da mata, a riƙa kiran sunayen da ko a ɗaki babba yana jin nauyin furta su, ga yara da jakar makaranta, ga mace tafe da surukarta, kowa ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin. Mu da ake tarbiyyar kada mace ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari saboda kunya, yau ga inda muka tsinci kanmu. Takardar da ake rabawa ma haka take, Hausa a kakkarye, jerin cututtuka da lambar waya, babu adireshi. Ko da an buga lambar NAFDAC a jikin kwalbar, ya kamata jama'a su sani cewa irin lambar da ake ba mafi yawan magungunan gargajiya shaida ce ta an gwada ba a ga abin cutarwa a ciki ba, ba ta tabbatar da cewa yana warkar da duk abin da aka lissafa.

Ita kuwa waya ta fi lasifika iya shiga gida, domin har ƙarƙashin matashin kai take bin mutum. A 2001 ne wayar salula ta shigo Nijeriya, ba a daɗe ba saƙonni suka fara yi mana ruwa. Wannan ya ce danna ɗaya ka samu waƙa, wancan ya ce lambarka ta ci naira dubu ɗari biyar, kira yanzu. Ni mace, amma kullum "ka" ake ce mini, wanda wannan kaɗai ya isa ya nuna maka mai saƙon bai san da wa yake magana ba, taru ya jefa a ruwa, duk abin da ya kama nasa ne. Yanzu kuma ga WhatsApp da Facebook da TikTok, inda 'yar'uwarki da kika yarda da ita ce za ta turo miki, ita ma turo mata aka yi.

Ku duba kalmomin da suke amfani da su, za ku ga ba sa ɗaukar na banza, mafi daraja suke zaɓa. Albishir, da can in an ce maka albishirinka sai ka ce goro, ka san haihuwa ce ko dawowar matafiyi. Yau in saƙo ya fara da albishir, mai hankali goge shi yake yi. Kyauta, a wurinmu abin da aka ba ka ne don Allah ko don zumunci, ko gyaran da ake ɗora maka bayan ciniki ya faɗa, kana gani da idonka. Tasu kyautar kuwa sai ka fara tura kuɗin rajista, ko ka karanto lambar sirrin katin bankinka. Haka aka yi wa garabasa da tallafi da waraka da amana. Har sunan Allah bai tsira ba, za ka ga saƙon damfara ya buɗe da cikakkiyar sallama ya rufe da in Allah ya yarda, don kawai zuciyar Musulmi ta sake. Bayan haka sai a sa maka gaggawa, yau ne kawai, saura mutum goma, kada ka gaya wa kowa, domin sun san in ka kwana da maganar ko ka yi shawara da na gaba da kai, asirinsu ya tonu.

Wani zai ce ai kalma ce kawai. To ba mu manta da MMM ba, wadda ita ma da sunan taimakon juna ta shigo, ta rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016. Ba mu gama jajen wannan ba sai ga CBEX ta rushe da dukiyar jama'a a watan Afrilu na 2025. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kowa ya san wannan karin magana, amma daɗin baki yana sa a manta. Masuncin da ya kwana kan ruwa yana jan koma, ya tara kuɗin sayen injin jirgi, kira ɗaya ya isa ya raba shi da su. Sannan akwai wata asarar da ba a cika lissafa ta ba. Mu mazauna bakin ruwa akwai saƙonnin da rayuwarmu ta rataya a kansu, gargaɗin ambaliya in damina ta yi nisa, sanarwar rigakafin yara, jan kunne a kan lodin jirgi fiye da kima da sa rigar kariya. Mutumin da aka saba yi wa ƙaryar "gaggawa" sau goma a rana, ranar da ta gaskiya ta zo yaya za a yi ya bambance?

Na san mai talla ma abincinsa yake nema, kuma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, akwai masu maganin gargajiya na gado waɗanda su ma wannan abu yana ɓata musu suna. Mu kanmu marubuta muna talla, a bayan kowane littafi na ɗaya za ka ga an ce a nemi na biyu don jin yadda za ta kaya. Bambancin shi ne littafi ba ya bin ka gida, kai ka je ka saya da kuɗinka, sunan marubuciya kuma yana jikin bango, in ta yi ba daidai ba an san wadda za a kama. Ba mu manta ba a 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya. In har littafin da yake rufe a cikin jaka ya cancanci a sa masa ido haka, ina ga lasifikar da take zuba batsa a kunnen duk wanda ya zo wucewa?

Ana iya talla da mutunci, wasu ma sun yi. A Italiya gidan talabijin na gwamnati, RAI, ya yi wani shirin talla mai suna Carosello daga 1957 zuwa 1977. Ƙa'idarsa ita ce sai kamfani ya fara nishaɗantar da masu kallo da ɗan wasan kwaikwayo ko zane mai motsi, sannan a 'yan daƙiƙun ƙarshe ya tallata hajarsa, har yawan ambaton sunan kayan an ƙayyade. Shirin ya karɓu har ya zama al'ada sai an gama shi ake tura yara su kwanta. A ƙasar dai akwai rajistar da mutum zai sa lambarsa don a daina kiran sa da talla, wadda aka faɗaɗa ta haɗa da wayar salula a 2022, ga kuma masu manna sanarwa a akwatin wasiƙunsu cewa ba sa son takardun talla.

Mu ma ba a bar mu haka ba. Tun ranar 1 ga Yuli 2016 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta fito da lamba 2442. Ka rubuta STOP ka tura, kyauta ne, za a tsayar maka da saƙonnin talla da ke biyowa ta kamfanin layinka, ko da yake ba za ta hana ɗan damfara kiran ka da tasa lambar ba. Akwai kuma ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022, aikinta tace tallace-tallace. Sai dai kafin hukumar da ke Abuja ta ji abin da ake faɗa a kasuwar ƙauye, an daɗe da watsewa. Shi ya sa nake ganin gyaran na kusa da mu ne. Sarkin kasuwa da hakimai da masu unguwanni suna da ikon cewa duk motar da za ta kunna lasifika a saurari abin da ke ciki tukuna, in da batsa a kashe. Limamai su taɓo maganar a huɗuba. Wanda ya iya karatu a gida ya karanta wa iyayensa saƙo, ya gaya musu banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya.

'Yan'uwana marubuta kuwa, mun cika littattafanmu da kishiya da uwar miji, ga jigo nan a ƙofar gidanmu ba mu taɓa ba. Mu sa ɗan damfara da mai lasifika a cikin labari, mu fito da irin daɗin bakinsu ƙarara, yadda mai karatu zai gane shi tun daga kalmar farko. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.

Ina jiran ra'ayoyinku, musamman 'yan'uwa na Yawuri da Shanga, ku gaya mana yadda abin yake a kasuwanninku. Mako mai zuwa da yardar Allah za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.

Wassalam. Taku a kullum, daga Wara.