Mai Cutar Ƙanjamau Na Bukatar Likitan Ƙwaƙwalwa

'Yan'uwana mata, binciken da gwamnati ta yi a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ƙwayar ƙanjamau a Nijeriya, kuma mata sun fi yawa. To, magani yana danne ƙwayar, amma ba ya raba mace da baƙin cikin saki ko gorin kishiya. Wadda damuwa ta kama takan daina barci da cin abinci, har ta watsar da maganin, ciwo ya taso.

Kada ku ce aljanu ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta ba ta haƙƙin magani cikin mutunci. Amma fa sai an raka ta. Ku kai ta asibitin Barnawa, Dawanau ko Kware, ku kuma rufa mata asiri.