Wasiƙa Zuwa ga Masu Koyon Zane da Fentin Mai



Idan malaminku ya ba ku aikin kwaikwayon zanen cikin coci irin na mutanen Holan, ku karɓa hannu bibbiyu. Ku fara da Pieter Saenredam, wanda ya rayu daga 1597 zuwa 1665, musamman zane-zanensa na cocin Sint Bavo da ke Haarlem.

Tun daga wata tarzomar addini da aka yi a 1566 aka shiga kwashe gumaka daga coci-cocin ƙasar, mabiya Calvin kuma suka shafe bango da farar ƙasa. Abin da ya rage wa mai zane shi ne ginshiƙai, daɓe, rufi mai baka, sai haske. Babu ado ko taron jama'a da za su rufa muku asiri idan layi ya karkace.

Don haka kada ku taɓa buroshi sai kun gama awo. Saenredam yakan auna ginin, ya zana a takarda, ya sake fitar da shi da ma'auni, sannan ya kwafe a kan allon katako. A 1636 ya yi watanni a Utrecht yana wannan aiki, wasu zane-zanen kuwa sai bayan fiye da shekara 20 ya sa musu fenti. Ku nemo ɗigon da duk layukan daɓe ke haɗuwa, ku kafa ƙusa, ku ja zare daga nan.

Abin da na fi so ku lura da shi shi ne farin bangon. Ba fari ɗaya ba ne. Inda rana ta faɗa akwai ɗan ruwan ɗorawa, bayan ginshiƙi akwai ruwan toka mai sanyi, kusa da ƙasa kuma daɓen ya mayar masa da nasa launin. Wanda ya matso fari daga kwalba ya shafa tsura ya kashe zanen. Ku kwaɓa kala-kala, ku ajiye fari mafi haske don taga kawai.

Shafin farko ya zama tsinkakke, mai kaɗan; na sama su fi shi mai. Ku bar kowanne ya bushe, in ba haka ba fentin zai tsattsage.

Sai hannunku ya faɗa sannan ku koma kan Emanuel de Witte, wanda ya cika nasa cocin da inuwa, karnuka da masu haƙa kabari.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a sana'a