Arlit: wa zai kawo hujjar ciwon tsofaffin ma'aikatan uraniyum?

Tun da Cominak ya rufe mahaƙar Akouta ranar 31 ga Maris 2021, batun diyyar ma'aikatan da suka kamu da ciwo bai mutu ba. Inda gizo ke saƙar shi ne hujja. Cutar daji ta huhu kan bayyana shekaru bayan barin aiki, kuma asibitocin da suka duba ma'aikatan na kamfanonin ne. Wanda ya koma karkarar Dannet, ina zai samo takardun da zai kai wa CNSS?

Ko Bafaranshe bai sha da daɗi ba. Serge Venel ya yi aiki a Cominak daga 1978 zuwa 1985, ya rasu a 2009. Kotun Melun ta ɗora wa Areva laifi a 2012, amma kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta soke hukuncin a 2013, tana cewa Cominak ne ya ɗauke shi aiki.

Amurka ta bi wata hanya da sojojinta da gubar Agent Orange ta shafa a yaƙin Vietnam: wanda ciwon jijiyoyin hannu da ƙafa ya kama cikin shekara guda, doka na ɗauka gubar ce sila, ba sai ya kawo hujja ba.

Gwamnatin Nijar ta karɓe Somaïr a Yunin 2025. Yanzu a Yamai za a yanke ko ma'aikaci ne zai ci gaba da ɗaukar nauyin hujjar.