Waken da ƙwaro ya ƙi ci, kai me zai kai ka?

1/ Jama'a ku ba ni minti biyar, maganar tukunya ce. Na je gida Riruwai, Umma ta aike ni awon wake. Na zaga na zaga, na zaɓo wanda ya fi kowanne kyau, fari tas, ko huda ɗaya babu. Ina ta jin kaina wai na iya cefane.

2/ Tana kwance leda ta shinshina, ta kalle ni. "Kai yanzu wata nawa da girbi, a ce ko ƙwaro ɗaya bai leƙa waken nan ba? Mayar musu." Na kai hanci, wallahi warin fiya-fiya ne ya buge ni. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

3/ Ra'ayina, ko da zai yi wa wasu zafi: gubar da ake zuba wa hatsi, da hannunmu a ciki mu masu saye. In ka ga ƙwaro biyu a tiya sai ka yatsine fuska ka wuce gaba. Mai kaya ya gane me kake so. Gobe sai ya kawo maka wanda ko ƙuda ba ya sauka a kai.

4/ Ba wanke masu yi nake ba. Wanda ya yayyafa maganin ƙwari a abincin mutane ya san abin da ya aikata, kuma Allah zai tambaye shi. Amma in bera da sata, daddawa ma da wari.

5/ Sinadarin da ke cikin Sniper da irinsu sunansa dichlorvos. Ba a yi shi don a kwarara a kan wake ko masarar da za a dafa gobe ba. In ya yi yawa a jiki: amai, gudawa, dalalar yawu, gumi, numfashi ya sarƙe. Yaro ƙarami ya fi saurin faɗuwa.

6/ Kar ku ce surutun intanet ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda wannan sinadarin. Iyakarsu miligiram 0.01 a kilo, a namu an samu har 4.6. Su sun rufe ƙofa. To waken da aka ƙi, cikin wa yake shiga?

7/ A 2018 bidiyon 'yan kasuwa suna zuba Sniper a wake ya karaɗe waya. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Kai da kanka ka faɗa min, ka daina ganinsa a kasuwarku?

8/ Akwai wadda ta fi wannan shiru: fumfuna. Mu nan Doguwa da Tudun Wada ruwan sama ya fi na arewacin Kano yawa, ga masara jibge. In aka ɗure ta a buhu ba ta gama bushewa ba, fumfuna na iya haifar da gubar aflatoxin. Dahuwa ba ta kashe ta. Hanta take ci a hankali.

9/ A Kenya, 2004, mutum 125 suka rasu sanadin masara mai irin wannan gubar. Mu kuma masarar da ta canja launi ita muke cewa "a niƙa, ai tuwo ne, ba a gani." Haba jama'a.

10/ Shinkafa ma kar buhu mai sheƙi ya ruɗe ka. Buhu ba shaida ba ne, ana sake ɗura tsohuwa a sabo. Buɗe, shinshina, damƙa. In ta dunƙule, ko tana warin gumi, ko gari ya taru a ƙasa, bar ta. Tsakuwa da ƙwaro ana tsincewa. Guba fa?

11/ Kuma mafita na nan, ba sai da magani ba. Buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje. Ka shanya hatsi ya bushe ƙayau, ka matse iska, ka ɗaure kowanne daban. Ƙwaro ya rasa iska ya mutu da kansa. Jarka mai murfi gam ma tana yi.

12/ Za a ce buhun da tsada. Gaskiya ne, ya fi na banza kuɗi. Amma in bai huje ba ana sake amfani da shi kaka ta gaba. Haɗa kuɗinsa da na kwana biyu a gadon asibiti ka gani.

13/ Abin da nake roƙo, mu matasa da ake aike awo: daga Kwanar Ɗangora har Dawanau, ka tambayi mai kaya da me ya adana. Ka shinshina a gabansa. Mai buhu mai leda, ƙara masa ɗan wani abu, kar ka tsaya ja-in-ja. Ranar da guba ta daina ciniki, ranar za a daina zubawa.

14/ Na mayar da waken, na auno mai ɗan huda. Umma ta shanya a rana, ƙwarin suka watse, muka ci garau-garau lafiya lau. Ku tura wa mai yi muku cefane. Allah ya tsare mana cikinmu da na yaranmu.